Likita Ya Ce

Litinin, da hantsi

An kawo Malam sashenmu yau. Ta ƙofar baya aka shigo da shi, inda ake fitar da zannuwan gado zuwa wanki, wai don kada a gan shi. A asibitin da ya tsufa yana fiɗa a cikinsa, wa za a ɓoye wa? Har mai sharar baranda sai da ta ajiye tsintsiya ta rusuna ta gaishe shi.

Ni ce likitar wannan sashe na masu fama da shaye-shaye, don haka ni zan riƙe shi. Shugaban asibiti ya kira ni ofis ya ce, "Ki lallaɓa shi, ki rufa masa asiri. Ƙarshen wata muna buƙatarsa a ɗakin tiyata." Sai ka ce mota aka kai gareji. Bai ce uffan a kan abin da ya faru makon jiya ba. Ni ma ban ce ba, kuma a nan ma ba zan rubuta ba.

Malam ne ya koya mini neman jijiya lokacin ina ɗaliba. Hannuna rawa yake yi in na riƙe allura, shi ya sa ya raɗa mini suna Karkarwa, ajinmu duka suka ɗauka. Yau da na naɗe masa hannun riga zan ɗebi jini, ban sami wurin da bai riga ni ba. Tabo kan tabo, har bayan hannu. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Karkarwa, an girma."

Na fita na wanke hannu. Na daɗe ina wankewa.

Talata, da yamma

Abin da ya kama Malam allurar kashe zafi ce, irin wadda ake yi wa wanda aka yi wa aiki. Ba a yanke ta rana ɗaya. Na ɗora shi a kan ƙwayar da ke maye gurbinta, za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har jiki ya haƙura. Aikina ke nan a nan: in rage, in duba, in sha zagi. Ban taɓa riƙe wanda bai zage ni a makon farko ba, kuma wanda bai zage ni ba shi na fi sa wa ido.

An ba shi gadon kusa da taga. Babbar nas ta kawo masa matashi daga gidanta, ta ja labule ta rufe wai kada rana ta dame shi. Duk inda na juya, sai in ji ana ce masa, "Likita, an tashi lafiya?" "Likita, a kawo ruwan zafi?" A gadon da ke gefensa akwai wani tela da maganin tari ya cinye masa shago. Shi sunansa "kai, gado na uku."

Laraba, da safe

Akwai wani mutum da ke zama a dakalin babbar ƙofar asibiti, riƙe da jariri cikin tawul. Ba ya rigima, ba ya yi wa kowa magana. Na koma shigowa ta ɗaya ƙofar.

Alhamis, da rana

Shugaba ya tafi wani taro, zai yi kwanaki. Kafin ya tafi ya zo ya zauna a bakin gadon Malam, suna ta hirar ƙwallo da ƙyaƙyata dariya, kai ka ce mura ce ta kwantar da shi. Da zai fita ya ce mini, "Na bar miki amana." Na ce to. Wannan "to" tawa ta fara ba ni ƙyama.

Juma'a, bayan zagayen safe

Ina duba marasa lafiya, na iso gadon Malam, wata doguwar nas ta ce mini, "Likita ya ce a ƙara masa rabin ƙwaya da yamma, jiya ya ɗan matsu."

Halin Shugaba ke nan. Yana can kwance a otel yana mulkin sashena ta waya, bai ma ga ya dace ya kira ni ba, sai dai in ji a bakin nas. Ya sha yi mini haka a kan 'ya'yan manya. Na haɗiye, na ce ta bari sai ya dawo mu yi magana.

Tela ya kwana yana amai. Ya kama mini gefen riga yana cewa, "Likita, don girman Allah, ko cokali ɗaya." Na ce a'a. Shi kam na iya ce masa a'a, har da ɗaure fuska.

Asabar, da yamma

Mutumin nan yana bakin ƙofa. Da jaririn.

Litinin, da hantsi

Malam ya buɗe asibiti a kan gado. Na shigo na tarar da mai gadi tsaye da hoton ƙirjin matarsa, Malam ya ɗaga shi sama yana nuna masa da yatsa. Bayansa wata nas na jira da sakamakon gwajin ƙanenta. Har layi suka yi. Da suka gan ni suka ɗan matsa, kamar ni ce na shigo ba sallama.

Yana cin abinci, yana barci, ba gumi, ba hamma, ba yoyon hanci irin na wanda ake rage wa magani. Babbar nas sai murna take, "Kin gani? Jikin manya daban ne." Jikin manya! Wallahi har cikin raina na ji kunyar jin wannan magana daga bakin wadda ta yi shekaru a wannan sashe.

Na haska masa fitila a ido. Ƙwayar idon ta tsuke ƙwarai, irin ta wanda magani ya yi wa yawa. Na ce wa kaina hasken taga ne.

Labulen a rufe yake.

Talata, da rana

"Likita ya ce a bar rabin nan tukuna." To.

Laraba, da yamma

Matar Malam ta zo. Tun muna ɗalibai Anti muke kiranta, ta sha ciyar da mu a gidanta lokacin jarrabawa. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Ta ja ni ƙarshen baranda ta riƙe hannuna.

"'Yata, gaya mini gaskiya, da gaske yana warkewa?"

Na ce yana samun sauƙi.

Ta ce, "Ni fa na gaji da samun sauƙinsa. A cikin kwalin takalmi na tsinci kwalaben, a bayan littattafai, har a tankin ban-ɗaki. In na yi magana ya ce ni me na sani, shi ne likita. Ƙannensa kunyarsa suke ji, abokansa tsoronsa suke ji. Da aka ce ke za ki riƙe shi na ce Alhamdu lillahi, wannan ba ta da wasa."

Na sake cewa yana samun sauƙi, Anti. Ta dube ni, ta saki hannuna a hankali.

Na wanke hannu har fatar ta yi fari.

Juma'a, da safe

"Likita ya ce a mayar da ita guda." Daga rabi an koma guda. Ni ina ragewa da safe, ana ƙarawa da yamma. Na kira Shugaba, wayarsa a kashe. Tir da irin wannan aiki.

Asabar, da rana

Ban je aiki ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Lahadi, da hantsi, a gida

Ina shan shayi, autata ta ruga wajen babanta tana cewa, "Abba, Umma ya ce in sa takalmi." Ya ɗaga ta yana dariya, "Umma ta ce. Umma mace ce, ta ake cewa, ba ya ba. In kin ce ya ce, ai wani kike nufi daban."

Na ajiye kofin.

Na sake kiran Shugaba, wannan karon ya ɗauka, ana ta hayaniya a bayansa. Na tambaye shi maganar ƙarin ƙwaya. Ya ce, "Wane ƙari? Ni tun da na tafi ban yi magana da kowa a sashenki ba."

Maigidana ya ce lafiya na yi shiru haka? Na ce lafiya. Ya ce wannan lafiyar tawa ta kwana biyun nan ta fi ciwo ban tsoro.

Litinin, bayan zagaye

Na tara su a ɗakin nas-nas na rufe ƙofa. Na tambayi doguwar, "Wane likita ne yake cewa a ƙara?"

Ta zaro ido, ta nuna gadon taga da baki. "Ai Likita."

Na ce, "Marar lafiya ne ya rubuta wa kansa magani, kika ba shi?"

Ta ce, "To ranki ya daɗe, shi ma fa likita ne. Shi ya yi wa mahaifiyata aiki. In ya dube ni ya ce a kawo, ni wace ce da zan ce a'a?"

Babbar nas ta gyara zama ta ce, "Mu mun zaci kin sani. Ai kullum a gabanki ake faɗa, ke kuma ki ce to."

Gaskiya ta faɗa. Ba su ɓoye mini komai ba, ƙiri-ƙiri suke gaya mini kowace safiya, ni ce na zaɓi likitan da ya fi mini sauƙin jin haushi. Na rasa wa zan fi jin ƙyama, su ko ni.

Na ce daga yau babu mai sake kiransa Likita a cikin wannan sashe. Babbar nas ta kama baki. "Haba! To me za mu ce masa?"

Na ce, "Me kuke ce wa tela?"

Daga nan na wuce gadonsa. Yana zaune ya harɗe ƙafa yana karanta jarida. Na ce, "Malam, ka yi amfani da yaran nan."

Ko a jikinsa. Ya naɗe jaridar a nutse ya ce, "Tsarinki ya yi gaggawa, Karkarwa, na gyara miki ne. Wa ya koya miki lissafin magani?"

Na ce shi ne. Na sa hannu ƙarƙashin matashinsa na zaro abin awon ƙirjin da yake duba mutane da shi, na sa a aljihu. Na ce, "A nan likita ɗaya ce, Malam. Ba ni da abokin aiki a kan gado."

Ya bi ni da kallo har na fita. Na wuce ofis na rufe ƙofa.

Talata, da yamma

Sun daina gaishe ni. Shi kuma sun rasa yadda za su yi da shi, sai suka koma "shi". "Shi bai ci abinci ba." "Shi yana kiranki." Makullin akwatin magani yana wuyana yanzu, ni nake ba shi da hannuna, in tsaya sai ya haɗiye ya buɗe baki na gani. Malamin da ya sa mini farar riga ranar da na gama karatu, yau ina leƙa ƙarƙashin harshensa.

Alhamis, da hantsi

Jikin Malam ya fara neman maganin. Gumi, hamma, hawaye da majina, ƙafa na harbin iska, zawo. Warin ɗakin ya haɗu da na maganin goge ƙasa, har a gashina nake jin sa in na koma gida.

Ya ce da bai sa baki ba da ban ci jarrabawar ƙarshe ba. Ya ce hannuna bai taɓa dacewa da wuƙar fiɗa ba, shi ya sa na ƙare a wajen mashaya. Na ce, "Haka ne, Malam, ga mu tare." Can kuma ya sauke murya, "'Yata, rabi kawai. Ba wanda zai sani. Kin san na san abin da nake yi." Zagin ya fi mini daɗin ji sau dubu.

Ina duba bugun jininsa ya kelaya mini amai a ƙafa. Nas-nas suka tsaya cirko-cirko, kowa na jin nauyin ganinsa a haka. Tela ne ya sauko daga gadonsa yana tangaɗi, ya tara masa roba ya riƙe masa goshi. "Sannu, maƙwabci. Fito da shi duka. Ni ma haka ta yi mini, muguwa ce, amma ka ga yau har na ci burodi."

Alhamis, da yamma

Na jefar da takalmin.

Asabar, da rana

Bai zage ni yau ba. Bai da ƙarfi.

Litinin, da safe

Shugaba ya dawo. Ya leƙa ɗakin, ya fito ya sha toka, ya ce in same shi a ofis.

"Na ce ki lallaɓa shi, kin mayar mini da shi tsumma! Mutumin da na bari yana dariya?"

Na gaya masa abin da ke sa shi dariyar. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ce ranar Juma'a zai sallame shi, zai rubuta masa ƙwayar ya riƙa sha a gida, ya huta kwana biyu ya koma aiki. Marasa lafiya sun taru suna jiran fiɗa, in ji shi, kuma babu mai hannun Malam.

Na ce, "Ka ga hannun kuwa? Kofi ba ya iya riƙewa. In ya sha ƙwayar hannun ya tsaya, kan ne ba ya nan. Ba zan sa hannu a sallamarsa ba."

Ya ce, "Ba na buƙatar sa hannunki. Ni ma likita ne."

Na ce, "Ai abin da ya kawo mu nan ke nan, ranka ya daɗe. Kowa likita ne."

Na tambaye shi mutumin da ke bakin ƙofa fa? Ya ce an zauna da dangi, an yi musu bayani, ƙaddara ce. Ya faɗe ta yana duba wayarsa.

Laraba, da yamma

Yau da gangan na fita ta babbar ƙofa. Mutumin yana nan, yana ba jaririn madara a kwalba, ya karkata ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ya ƙware. Ya ga farar rigata, ya ɗan sunkuya ya ce, "Sannu da aiki, likita."

Na shiga mota na tuɓe rigar na cusa ta ƙarƙashin kujera. Na daɗe ban tayar da motar ba.

Alhamis, da rana

Tela ya ja labulen wai zafi ya ishe shi, kuma babu wanda ya kula ya mayar. Ashe daga wannan tagar babbar ƙofa ake hangowa. Yanzu na gane wace irin rana babbar nas take kare shi daga gare ta.

Na tarar da Malam zaune, ya jingina goshi da ƙarfen tagar. Bai juyo ba.

Ya ce, "Kullum yake zuwa?"

Na ce kullum.

Can ya ce, "Namiji ne ko mace?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni na ciro. Da hannuna, uwar kuma ba ta tashi ba. Tun ɗazu nake ƙoƙarin in tuna, shi ne ko ita ce, na kasa."

Na so in ji tausayinsa, na lalube zuciyata ban samu ba. Na ba shi maganinsa, ya buɗe baki da kansa ban tambaya ba.

Juma'a, bayan komai

Shugaba ya zo da hantsi, riƙe da farar rigar Malam an goge ta ƙal, har da sunansa a aljihu. Mota na jira a ƙofar baya. Anti na tsaye a jikin bango da jaka a hannu, ba ta kalli kowa ba. Nas-nas sun yi layi fuska a sake, za a raka babban mutum. Ni ina bakin ƙofa, an mayar da ni hoto.

Malam na zaune a bakin gado yana kokawa da maɓallin riga. Ya kama, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Kowa ya kau da kai kamar bai gani ba. Doguwar nas ta matsa ta rusuna ta ce, "Likita ya ce ka shirya, an sallame ka."

Ya ɗago. "Ya ce?"

Ta ce, "E, ga shi nan tsaye."

Malam ya dubi Shugaba, ya dubi farar rigar, ya dubi taga. Ya ce, "Ni likitata mace ce."

Shugaba ya yi dariya, "Haba, babban yaya, bar wasan nan, mota na jira."

Bai kula shi ba. Ni ya juyo ya duba, idanun nan sun faɗa, majina na bin leɓensa. Ya ce, "Me kika ce, Likita?"

Na ce, "Na ce ba yanzu ba."

Ya sunkuya ya tuɓe takalmin da ya sa, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya kwanta ya juya wa kowa baya. Anti ta ajiye jakar a ƙasa ta zauna a kanta, ta rufe fuska da gyale. Shugaba ya ce mini za mu gamu a ofis, ya fita ya bar rigar a kan kujera. Tela ya miƙa hannu ya ja wa maƙwabcinsa bargo.

Ban ji daɗi ba. In wani ya taɓa karanta wannan, kada ya ce na yi murna. Gobe zai sake zagina, ƙila ya sake yi mini amai, kuma mutumin yana nan a bakin ƙofa.

Na shiga ban-ɗaki na kunna famfo. Hannuna rawa yake yi kamar ranar da na fara riƙe allura, kuma yau babu mai kirana Karkarwa.